Kurakuran da aka fi yi wajen sayen jitar bes ta hannu, da yadda za ka gane jabu

Da yawa daga cikin jitocin bes da ake kaɗawa a coci-cocin Jos da Kaduna, da situdiyoyin Kano, da wuraren biki a Yamai da Agadas, na hannu ne. Wasu daga kwantena suka fito, wasu daga kasuwar Alaba ta Legas, wasu kuma hannu da hannu suka yi ta zagayawa har ba a san mai su na farko ba. Sabuwar jitar kamfanin Fender ƙirar Amurka ba kuɗin kowa ba ce, shi ya sa kasuwar gwanjo ta cika, masu jabu kuma suka sami wurin fakewa.

Babban kuskure shi ne mutum ya karanta sunan da ke kan jitar ya ce magana ta ƙare. Wannan suna sitika ce, ana sayar da ita a intanet da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sau da yawa ma jabun ba ƙirar wata ɓoyayyiyar masana'anta ba ne. Squier ce, wato ƙaramar jitar da kamfanin Fender da kansa ya fara fitarwa a 1982 don masu ƙaramin ƙarfi, sai wani ya kankare sunanta da sanfefa ya manna na Fender, ya fesa banish. Siffarsu ɗaya, don haka ido daga nesa ba zai raba su ba. Fito da ita rana ka karkata kan. Idan launin katakon gaba ya fi na gefe da na baya haske, an kankare. Juya bayan kan ka nemi wani ɗan fili da ya yi fari-fari, domin nan ne ake goge rubutun da ke cewa a Sin ko Indunusiya aka yi ta. Duba kuma kusa da makunnan ɗaure tsirkiya: ramukan sukuru da aka cike alama ce ta an sauya su.

Daga nan sai masu ganin lambar da masana'anta ke buga wa kowace jita su saki jiki. Lamba ma ana kwafa. Amfaninta shi ne ka sa ta yi shaida a kan sauran jitar. A Fender, lambar da ta fara da MN ta Meziko ce ta shekarun 1990, MZ ta shekarun 2000, MX kuwa daga 2010; a MN da MZ lamba ɗaya ta gaba ce ke nuna shekarar, a MX lambobi biyu. Ta Amurka daga 2010 da US take farawa, kafin nan Z ce, kafin ita N. To idan kan jita ya ce ƙirar Amurka ce, lamba kuma ta fara da MX, ba sai an kira alƙali ba. IC da CY na Squier ne, na Indunusiya da Sin. Harafin E ne mai rikitarwa, saboda a shekarun 1980 an yi amfani da shi a Amurka, an kuma yi a Japan. Ta Japan ɗin jita ce mai kyau ƙwarai, ni ba zan ƙi ta ba, amma ba za a karɓi kuɗin ta Amurka a kanta ba. Wurin da lambar take ma magana ne: har zuwa 1976 a jikin farantin ƙarfe na bayan wuya ake buga ta, daga baya aka mayar da ita kai. Fender da Music Man, wani kamfanin jita, duka suna da shafin intanet da za ka shigar da lamba. Idan shafin ya ce jan launi, ta hannunka kuwa baƙa ce, to lambar wata aka ara mata.

Kuskure na uku kunya ce. Mai saye yana jin nauyin cewa a kwance masa jitar, kada a ce yana zargin mutum. Alhali gaskiyar jita a ciki take. Wuyan Fender galibi da sukuru huɗu ake ɗaure shi, ko da yake wasu samfurin Jazz Bass na shekarun 1970 uku gare su, wasu sababbin samfura kuma biyar, kuma idan aka sassauta tsirkiya aka cire shi, sau da yawa za ka tarar da kwanan wata ko hatimin masana'anta a gindinsa da cikin gurbinsa. A nan ne kuma katako ke tona asiri. Fender ta gaske gungumen katako ce da aka haɗa biyu ko fiye, idan ka ga sala-sala a jere to falai ne aka lulluɓe da fenti. Buɗe wajen wayoyi ka karanta bayan gwangwanayen da ke ƙarƙashin maɓallan murɗa sauti. A tsofaffin jitocin Amurka lambar da ta fara da 137 ta kamfanin CTS ce, abin da ya biyo baya shekara ce da mako: 1377432 na nufin mako na 32 na 1974. Wanda ya rantse maka jitarsa ta 1965 ce, ba a taɓa ta ba, sai ga wannan lamba a ciki, ko dai bai sani ba ko yana so kai kada ka sani. Ka je da sukundireba da wanda ya iya gyara. Mai kaya ya hana a buɗe, ka yi masa sallama cikin mutunci.

Wasu kuma ba su san ƙirar da suke nema ba sam. Precision Bass, wadda Leo Fender ya fitar a 1951, a sananniyar siffarta maɓallan murɗawa biyu gare ta, da maganaɗisun ɗaukar sauti ɗaya da aka raba gida biyu. Jazz Bass ta 1960 ce, maganaɗisu biyu dogaye, wuyanta ya fi siriri wajen kai. StingRay ta Music Man makunnanta uku a sama, ɗaya a ƙasa, tana aiki da batiri, ƙaramarta mai araha kuma Sterling by Music Man ce, ita ma ana yi mata irin aikin da ake wa Squier. Rickenbacker ta fi sauƙin hukunci. A Santa Ana ta Kalifoniya kaɗai ake ƙera ta, ba ta da wata 'yar araha a Asiya, wuyan samfurin 4003 kuma ratsa gangar jiki yake yi har ƙarshe. Ka ga sukurori a bayan wuyan 4003, jabu ce. Lambarta a jikin farantin da ake soka waya take.

Batun nauyi ka manta da shi. Ana cewa orijina nauyi gare ta, amma falai ma nauyi gare shi. Tsufa ma ana ƙirƙirarsa. Fentin da shekaru suka cinye yana gogewa ne inda dantse ke kwanciya, da baya inda ƙarfen bel ke gugarsa, da inda babban yatsa ke zama. Ƙwarzane warwatse ko'ina, ga ƙarafan wuya fes babu alamar tsirkiya ta ci su, aikin wuƙa ne.

Sai kuma kwaɗayi, wanda ke sa mutum ya ce mai ita bai san darajarta ba. Yau duk dillali yana da waya, ya kuma duba farashi kafin ka iso. Araha ba ta ado. Idan ta WhatsApp ko Facebook ake cinikin, kada ka tura ko sisi a kan hoton gaba kaɗai. Nemi hoton bayan kai, da farantin wuya, da cikin wajen wayoyi, tare da takarda mai kwanan watan ranar a gefe.

Idan bincike ya nuna Squier ce aka sauya wa suna, ba dole ka gudu ba. In wuyanta a miƙe yake, iskar hunturu ba ta lanƙwasa shi ba, ka jona ta da amfilifaya kowace tsirkiya ta yi magana babu ƙara, taya ta da kuɗin Squier, ka ma rage saboda an ɓata mata kai. Ku rubuta rasit da lambarta da ainihin sunan da kuka yarda da shi, gaban shaida, tare da kwanakin da za ka iya mayar da ita.