Yadda ake zaɓen girman sabar da za a yi haya a gajimare

Kuɗin hayar saba (kwamfutar da shafin intanet ke zaune a kanta) a gajimare, wato a cibiyar wani kamfani ta hanyar intanet, da dala ake biyansa, kai kuma kwastomanka da sidi yake turo maka ta MoMo. Wannan kaɗai ya isa ya hana mai haɗa wa 'yan kasuwar Nima shafin intanet ɗaukar na'urar da ta fi buƙatarsa.

Da farko ka gano abin da aikin ya fi ci, CPU (sashen da ke yin lissafi) ko RAM (ma'ajin wucin gadi na abin da ake aiki a kai). A AWS, gajimaren kamfanin Amazon, harafin farkon sunan nau'in sabar ne ke faɗa maka aikin da ta fi dacewa da shi. c5.large da m5.large da r5.large duk vCPU (kason CPU da ake ba saba) 2 gare su, amma RAM ɗinsu gigabait 4 ne, da 8, da 16. Mai "c" ta aikin lissafi ce irin sarrafa bidiyo, mai "r" ta rumbun bayanai, "m" kuwa tana tsakiya.

Shafin shagon atamfa a Maamobi ba ya buƙatar ko ɗaya cikinsu. Fara da t3.small, mai RAM gigabait 2. Sai dai 'yan gidan "t" suna da hali: suna tara makin amfani da CPU idan aiki ya yi sauƙi, su kashe shi idan ya yi yawa. T3 tana zuwa ne a tsarin da idan makin ya ƙare ba za ta rage gudu ba, ƙarin kuɗi kawai za a rubuta maka. Makon jajiberin Salla, da oda ta yi ta shigowa dare da rana, nan ne za ka ji a jikinka.

Daga nan ka bar ta ta yi aiki mako biyu kana aunawa. CloudWatch, manhajar sa ido ta AWS, na nuna CPU, amma ba ya nuna RAM sai ka saka masa manhajarsa a cikin sabar. In ba haka ba, shiga sabar ka buga umarnin free -h, zai nuna maka RAM ɗin da ya rage. A ganina ƙananan shafuka RAM ke fara ƙare musu, sai rumbun bayanai ya faɗi alhali CPU na zaune.

Garin da sabar za ta zauna ma a gwada. AWS ta buɗe cibiya a Cape Town a 2020, amma kada ka ɗauka ta fi ta Landan sauri don tana Afirka. Yi ping (gwajin saurin amsawa) zuwa kowacce daga Accra, ka kuma duba farashi.

Idan za ka ƙara girma ko ka rage, sai ka tsayar da sabar, ka canza nau'inta, ka sake kunnawa. Ka yi da tsakar dare, kuma ka tanadi Elastic IP (adireshin intanet da ba ya canzawa) tukuna, domin in ba haka ba adireshin sabar zai canza.