Yadda ake gane ko sassan tsohuwar bindigar soja na asali ne

Da farko a ja sakata baya, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle shi, a tabbatar babu harsashi a ciki. Sai a tanadi tocila, gilashin ƙara girma mai ninki goma, da sukundireba da bakinta ya cika tsagar kusa daidai. Wadda ba ta cika ba takan zame ta cinye kan kusar, kuma wannan tabon ba ya gyaruwa.

Dillali zai ce maka "lambobi duk sun dace". Wannan kaɗai bai isa hujja ba, domin ana iya buga lamba jiya. Abin da ake nema shi ne shaidu huɗu su yi magana da murya ɗaya: lamba, hatimin mai duba aiki, launin ƙarfe, da siffar sashen a shekarar da aka ƙera bindigar.

Ɗauki Mauser K98k ta Jamus, wadda sojojinsu suka fara riƙewa a 1935. A kan uwar jikinta, wato ƙarfen da bututu ke ɗaure a jikinsa kuma sakata ke gudu a cikinsa, akwai harufan masana'anta da shekara: "byf" na Mauser da ke Oberndorf ne, "bnz" na Steyr, "ce" na Sauer, "dot" na Brno. Jamusawa sun buga lambar bindiga a uwar jiki, bututu, hannun sakata, murfin gidan harsashi da zobban da ke riƙe katako, ƙananan sassa kuma sukan ɗauki lambobi biyu na ƙarshe. Ka haska tocila daga gefe, kwance da ƙarfen, ka kwatanta alƙaluma ɗaya bayan ɗaya. Ka fi lura da 1, 3 da 7, a nan salon maɓuga ke bambanta. Lambar da aka buga kafin a rina ƙarfe cikinta baƙi ne kamar sauran jiki. Idan cikinta na ƙyalli, ko gefenta ya taso da kaifi alhali kewayenta ya sha hannu, sabuwa ce. Ka shafa wurin da yatsa: in ka ji ɗan kwari ko ka ga hannun sakata ya yi fale-fale inda ya kamata ya zama kewayayye, an goge tsohuwar lamba ne aka ɗora wata.

Sai ƙaramin hatimin mikiya mai lamba a ƙarƙashinta. Kowace tawagar masu duba aiki da lambarta, saboda haka bindiga mai byf 43 ana sa ran ganin 135 a manyan sassanta. Wasu ƙananan sassa daga 'yan kwangila suke, kada ganin wata lamba a kansu ya sa ka yanke hukunci nan take. Siffa ma tana tona asiri. Sassan farkon Yaƙin Duniya na Biyu sassaƙa su aka yi daga dunƙulen ƙarfe, na ƙarshen yaƙi kuwa falle ne aka lanƙwasa aka yi wa walda. Zoben falle a kan bindigar 1938 baƙo ne, ko da wace lamba ke kansa.

Akwai gyaran da gwamnati ce ta yi shi, kuma ba zamba ba ne. K98k da Tarayyar Sobiyet ta ƙwace an wargaza su, an sake rina su, an harhaɗa sassa yadda suka zo hannu. Alamarsu X a uwar jiki, lamba da aka rubuta a sakata da alƙalamin lantarki, da jan fenti mai sheƙi a katako. A Mosin 91/30, bindigar sojojin Sobiyet, ana duba lamba a wuri huɗu: gindin bututu, sakata, murfin gidan harsashi da ƙarfen gindin katako. Kibiya cikin alwatika alamar masana'antar Izhevsk ce, kibiya cikin tauraro ta masana'antar Tula. Murabba'i da aka ja wa layi a karkace yana nufin an yi mata garambawul, kuma sau da yawa za ka ga tsohuwar lamba an soke ta an buga sabuwa kusa da ita. A Lee-Enfield ta Ingila, FTR ke nuna irin wannan gyara. Wadda aka buga wa DP ta fareti ce kawai, ba a harbi da ita.

M1 Garand ta Amurka dokarta daban. Uwar jiki kaɗai ke da lambar bindiga, sauran sassa lambar zane suke ɗauke da ita tare da harufan masana'anta, SA na Springfield, WRA na Winchester. Ja sandar sakata baya, a bututun Springfield za ka ga wata da shekara. Ya kamata su faɗo kusa da lokacin da aka ƙera uwar jikin. Yawancin irin wannan bindiga an sake musu sassa bayan yaƙi, don haka wadda komai nata ya yi "daidai" ana zargin wani mai tara kaya ne ya harhaɗa ta.

Katakon da aka bi da samfefa hatiminsa kan dushe, ƙarfen gindi kuma ya fi shi faɗi. Hatimi garau a kan katakon da ya sha guga abin tuhuma ne.

In sakata ba ta bindigar ba ce, kada a harba sai maƙerin bindiga ya auna tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da mazaunin harsashi da ma'auninsa. Tazarar in ta yi yawa, kwanson harsashi na iya tsagewa ya feso iskar wuta baya, wajen fuskar mai harbi.