Yadda ake haɗa batirin litiyom da zai riƙe na'urorin sarrafa gida idan an ɗauke wuta

Ƙwaƙwalwar gida mai sarrafa kansa ba ta cin wuta da yawa, sai dai ba ta jure katsewa ko ta ƙiftawar ido. Raspberry Pi (ƙaramar kwamfuta) mai ɗauke da Home Assistant (manhajar sarrafa gida), idan wuta ta yanke yana tsaka da rubutu a katin SD, katin na iya lalacewa. Don haka a ware mata batirinta daban, kada a jingina ta da inbatan gida.

A fara da lissafi. A ce Raspberry Pi 4 da ƴar na'urar Zigbee (mai haɗa shi da kayan gida ba tare da waya ba) suna cin wat 7, rauta (na'urar rarraba intanet) kuma wat 8, jimla wat 15. Ana son su yi awa 10 ba wuta, wato 150Wh (wat sau awa). A raba da 0.85 saboda asarar da ake yi wajen sauya ƙarfin wuta, a sake rabawa da 0.8 don kada a tatse batir ƙarƙaf, sai a samu kusan 220Wh. A batir mai volt 12.8 wannan ya kai 17Ah (amfiya sau awa), sai a sayi na 20Ah.

Nau'in batirin litiyom da ya dace shi ne LiFePO4, ƙwaya huɗu a jere, kowace volt 3.2. Ya fi ƙwayoyin 18650 irin na batirin laftof wuyar kamawa da wuta, ya kuma fi su daɗewa. Tsofaffin ƙwayoyin da ake ɓarewa daga batirin laftof suna da arha, amma ba a ajiye su a abin da zai kwana a jone ana barci a gidan.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne caji. Allon BMS da ake haɗawa da ƙwayoyin mai gadi ne kawai: yana yanke wuta idan ƙwaya ta haura volt 3.65 ko ta faɗo zuwa 2.5, yana kuma daidaita ƙwayoyin. Shi ba caja ba ne. Ana buƙatar cajar LiFePO4 mai tsayawa a volt 14.4 zuwa 14.6. Cajar batirin mota ba ta yi, domin wasunsu kan harba ƙarfin wuta sama da volt 15. Girman caja kuwa, a auna shi da tsawon lokacin da NEPA ke barin wuta. Mai amfiya 5 za ta cika 20Ah cikin awa huɗu da ɗoriya, mai amfiya 2 sai ta ci awa goma, kuma a unguwar da wuta ba ta kai haka batirin ba zai taɓa cika ba.

Kada kayan su riƙa sha daga batir alhali akwai wuta. A kawo adafta mai volt 19 irin ta laftof, a haɗa ta da batir a layi ɗaya, kowanne ta bayan dayod ɗinsa na Schottky, mai barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai. Mai ƙarfi shi ke ciyarwa, da an ɗauke wuta batir ya karɓa ba tare da Pi ta ji ba. Daga layin a sa na'urar rage wuta zuwa volt 5.1 mai amfiya 3 don Pi, da wata mai riƙe volt 12 daram don rauta. Fiyus na amfiya 10 ya zauna dab da bakin batir na jan waya.

Ƙarfin LiFePO4 yakan tsaya a wajen volt 13 kusan har ya ƙare, sannan ya faɗi farat ɗaya. A sa na'urar auna wuta ta INA219 ta riƙa auna batirin, a umarci Pi ta kashe kanta lafiya da ya sauko volt 12.

Sai zafi. Ba a cajin litiyom sama da digiri 45, kuma a Kano ko Sakkwato cikin Afrilu akwatin da ke ƙarƙashin rufin kwano yana wuce haka. A ajiye shi ƙasa-ƙasa a ɗaki mai iska, a zaɓi BMS mai wayar auna zafi, a manna ta a jikin ƙwayar tsakiya.