Yadda za ka bi sawun kakanka da yat tahi yaƙin Boma

Kusan ko wane tsohon gida nan Sakkwato akwai labarin wani da anka ɗauka soja zamanin Turawa, wani ya komo, wani shiru har yau. Namu ƙanin kakana ne, kuma na sha wuya kahin in gano inda yac cika, shi ya sa nac ce bari in rage ma wani tahiya.

Kada ka hwara da intanet. Hwara da tsohin gida, musamman mata, don su ka riƙe labari. Ni goggon babana niz zauna da ita bayan la'asar, na kunna rikodin na waya na aje gehen tabarma. Kada ka tambaye ta shekara, ba ta sani ba, kuma kunya za ka ba ta. Ka ce "Goggo, lokacin da yat tahi wa ka sarauta?" In ta ce Sarkin Musulmi Abubakar bai daɗe da hawa ba, to ka san bayan 1938 ne, ke nan yaƙin Hitila na 1939 zuwa 1945. In ko ta ce zamanin Jamus da Kamaru, wancan na 1914 ne. Ka tambayi sunan yanka, da laƙabi, da garin da anka ɗebe su, da ko wasiƙa ta taɓa zowa.

Sannan a buɗe adaka. Wallahi abin da ke cikin akwatunan ƙarhen tsohi ya hi ƙarhin tunani, mu cikin wani ƙyalle da anka naɗe layu munka iske littahin sallamar wani abokin tahiyarshi, gara ta ci rabi, da hoto guda da baje, wato ƙarhen yabo da aka ba soja. Duk abin da ka gani ka ɗau hoto gaba da baya tun ba a taɓa shi da yawa ba, kuma don Allah kada a goge baje da toka. Na yaƙin hwarko suna da suna da lamba rubuce a gehensu, na biyu galibi babu komi.

Abin da kake nema shi ne lambar soja. Suna shi kaɗai ruɗa ka zai yi, don akawun Bature ba ya rubuta sunan uba, sai ya sa sunanka ya liƙa maka gari, Sokoto ko Gwandu ko Argungu, kuma yadda kunnenshi ya ji, Muhammadu ya koma Momadu ko Mamadu, Abubakar ya koma Garuba. Wasu ma da gangan sunka canza suna don gudun iyaye su sani. Mu wata uku muna neman sunan da ba shi ne a takarda ba, sai da wani tsoho a ƙungiyar tsohin sojoji ta Nigerian Legion ya ce mu gwada laƙabin da sunan ƙauyensu.

In ka samu lamba, shiga shahin hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth War Graves Commission, kyauta ne. Sa lambar, ko ka sa Sokoto a wurin sunan ƙarshe ka zaɓi rundunar Royal West African Frontier Force, ka yi ta bi da haƙuri. Zai ba ka ranar rasuwa da bataliya da inda sunan yake. Mutanenmu da yawa suna cikin runduna ta 81 da ta 82 da sunka yi yaƙi da Japan a dazukan Kaladan da Arakan na ƙasar Boma daga 1943, waɗanda ba a ga gawarsu ba sunansu na bangon tunawa na Rangun a maƙabartar Taukkyan, mai sunaye kusan 27,000. Wasu kuma Habasha anka kai su a 1941, yaƙi da Italiya. In ba ka gan shi ba kada ka ce ƙarya goggo ta yi, hukumar da kanta ta amsa a 2021 cewa dubban 'yan Afirka ba a rubuta su yadda ya kamata ba.

Wanda ya rasu a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ba ya cikin wannan shahi, shi sai ta hukumar fanshon soja da ke Abuja. Don tsohin takardun lardi kuwa akwai ɗakin tarihi na Waziri Junaidu nan gida, da ma'ajiyar takardu ta ƙasa a Kaduna, ka tahi da lambar a rubuce da kuɗin hotokwahi.

Namu a 1944 ya cika. Da na karanta ma goggo ranar, shiru ta yi, can ta ce a saye gero a yi mishi sadaka ran Juma'a.