Darasi na Tara: Karanta Fasfonka da Bizarka da Idonka

Mai shirin ƙetare iyakar ƙasarsa yana bukatar takardu biyu, kuma ba daga hannu ɗaya suke fitowa ba. Fasfo gwamnatin ƙasarka ce ke ba ka shi, don ta shaida wa duniya cewa kai ɗanta ne, ga sunanka, ga hotonka. Biza kuwa ƙasar da za ka je ce ke bayarwa, ta hannun ofishin jakadancinta ko ta intanet. Sai da fasfo ake samun biza, domin a cikinsa ake manna ta, ko a haɗa ta da lambarsa a kwamfuta.

Da yawa daga cikin matafiyan da ake mayarwa gida daga filin jirgi suna riƙe da takardun nan biyu a hannu. Abin da ya kayar da su harafi ɗaya ne a suna, ko kwanan watan da ba su duba ba. Shi ya sa darasin yau na karatu ne. Wanda ke da fasfo ya ɗauko shi. Wanda ba shi da shi ya matsa kusa da ɗan'uwansa su duba tare.

Shafin hoto

Buɗe shafin da hotonka yake. Za ka ga sunan mahaifi ko na dangi a sama, sunanka na yanka a ƙarƙashinsa, sai ƙasarka, da ranar haihuwa, da wurin haihuwa. Akwai lambar fasfo, wadda za a yi ta tambayarka a kowane fom. Sannan akwai ranaku biyu da mutane ke yawan rikitawa: ranar da aka ba da fasfon, da ranar da zai daina aiki. Sa yatsa a kan ta biyun, ka karanta ta da ƙarfi. Watan yakan zo a taƙaice da haruffa uku. JAN shi ne Janairu, APR Afrilu, AUG Agusta, DEC Disamba.

Yanzu dubi can ƙasan shafin. Akwai layi biyu na haruffa da lambobi a cunkushe, da wata alama mai kama da bakin kibiya, wato <, an jera ta da yawa. Wannan rubutun na'ura ce ke karanta shi. Kowane layi yana da gurbi 44, babu ƙari babu ragi. Layin farko yana farawa da P, sai alamar nan ko wani harafi ɗaya, sai haruffa uku na sunan ƙasa, sai sunan mahaifi, sai alamar sau biyu, sai sunanka. A layi na biyu ana rubuta kwanan wata a juye: shekara, wata, rana. Idan ka ga 850312, ana nufin 12 ga Maris, 1985. Haruffa masu lanƙwasa ba sa shiga wannan layi, don haka kada ka damu idan ka ga an rubuta ƙ ɗinka da k.

Wannan tsari iri ɗaya ne a duk duniya. Hukumar ICAO mai kula da zirga-zirgar jiragen sama, wadda hedikwatarta ke birnin Mantiriyal na Kanada, ita ta shimfiɗa shi, kuma ta sa ranar 24 ga Nuwamba, 2015 a matsayin wa'adin daina aiki da fasfon da na'ura ba ta iya karantawa. Yawancin fasfo na yanzu ma suna da ɗan guntun na'ura a ɓoye cikin bango ko shafin hoto, mai ɗauke da bayananka. Malesiya ce ta fara fitar da irinsa a 1998. Saboda wannan guntun ne ba a son a lanƙwasa fasfo, ko a zauna a kansa, ko a bar shi ya jiƙe. Fasfon da shafinsa ya yage ko hotonsa ya ɗago, jami'i na iya ƙin karɓarsa ko da wa'adinsa bai cika ba.

Batun suna ya fi komai cin mutane. Muhammad, Mohammed da Muhammadu duk suna ɗaya ne a kunnenmu, amma a wurin kwamfuta mutum uku ne. Yadda aka rubuta a fasfo, haka za a rubuta a tikiti, haka a fom ɗin biza, haka a katin rigakafi, harafi da harafi. Ranar da ka je karɓar sabon fasfo, kada ka sa shi a aljihu ka juya. Tsaya nan ka karanta. Gyara a ranar ya fi sauƙi da nisa a kan gyara bayan an manna biza.

Wata shida

Fasfon manya yakan yi shekara 5 ko 10, gwargwadon dokar kowace ƙasa. Sai dai ranar ƙarshen da aka rubuta ba ita ce ranar ƙarshen tafiya da shi ba. Ƙasashe da dama, irin su Sin, Masar, Indonesiya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suna so ya zama da sauran aƙalla wata shida a fasfonka lokacin da ka shiga.

Mu yi lissafi. Fasfo zai ƙare ranar 20 ga Agusta, 2027. Mai shi yana so ya tashi ranar 1 ga Afrilu, 2027. Ƙirga da yatsu daga Afrilu: Mayu, Yuni, Yuli, Agusta, Satumba, Oktoba. Wata shida ya kai 1 ga Oktoba, fasfon kuwa ya mutu tun Agusta. Ke nan wannan mutum sai ya sabunta kafin ya nemi biza, duk da cewa fasfonsa na da rai a ranar tafiyar.

Ƙasashen Turai na yankin Shengen, waɗanda ake shiga dukansu da biza ɗaya, suna da nasu ma'aunin. Suna so fasfo ya wuce ranar fitarka daga yankin da wata uku, ya zama an ba da shi cikin shekara 10 da suka wuce, kuma yana da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Mai yawan tafiya ya riƙa duba shafukansa, domin fasfo kan cika kafin ya tsufa.

Sau da yawa tun a wurin auna kaya ake tsayar da mutum. Kamfanin jirgi ne ke fara duba takardu, saboda idan ya kai fasinja ƙasar da aka ƙi karɓarsa, za a ci shi tara, kuma shi zai dawo da shi. Roƙo ba ya aiki a wannan tebur.

Abin da ke rubuce a kan biza

Biza iri-iri ce, kuma kowacce da abin da ta halatta: ta ziyara, ta kasuwanci, ta karatu, ta aiki, ta neman magani, ta yada zango. Wanda ya shiga da bizar ziyara ya kama aiki ya karya doka. Saudiyya, alal misali, ba ta yarda a yi aikin Hajji da bizar Umara ko ta yawon buɗe ido ba.

Idan aka manna maka biza, nemi abu uku. Na farko, ranar da ta fara aiki da ranar da za ta ƙare. Na biyu, sau nawa aka yarda ka shiga. Idan an rubuta 01, sau ɗaya ne, da ka fita ta mutu ko da saura kwanaki. Idan 02 ne, sau biyu. Idan ka ga MULT ko M, kana iya shiga da fita sau da yawa. Na uku, kuma shi ne ramin da aka fi faɗawa, yawan kwanakin da aka yarda ka zauna.

Wani dattijo ya miƙa wa malamarsu fasfonsa a aji.

"Malama, duba mini. Yaron nan ya ce wata uku suka ba ni."

"To Baba, mu karanta tare. Nan fa, me aka rubuta?"

"Ɗaya ga watan uku. Wancan kuma talatin ga watan biyar."

"Madalla. Sauko ƙasa kaɗan, wace lamba ce wannan?"

"Goma sha biyar."

"Kwanakinku ke nan, Baba. Cikin wata ukun nan kuna iya zaɓar lokacin da za ku je, amma in kun shiga, kwana goma sha biyar za ku yi ku fito."

"Ikon Allah! Da na zauna har Mayu."

Yankin Shengen ya samo sunansa daga wani ƙauye a Lukzambag inda aka sa hannu a yarjejeniyar a 1985, kuma yanzu ƙasashe 29 ne a ciki, har da Faransa, Jamus, Italiya da Sifen. Biza ɗaya ta isa shiga dukansu. Birtaniya ba ta ciki, tata bizar daban. Baƙo mai gajeriyar ziyara ba ya wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 a yankin gaba ɗaya. Wanda ya yi kwana 60 a Jamus, ya koma gida wata ɗaya, ya dawo Italiya, saura masa kwana 30 kawai. Sauya ƙasa ba ya sabunta lissafin.

Wuce wa'adi ba ƙaramin abu ba ne. A dokar Amurka, wanda ya zarce da fiye da kwana 180 sannan ya fita, za a hana shi dawowa shekara 3. Idan ya kai shekara guda, hanin shekara 10 ne.

A sani kuma, biza kamar sallama ce a ƙofar gida: ta kai ka bakin zaure, amma sai an amsa za ka shiga. Jami'in shige da fice na filin jirgin da ka sauka shi ke da maganar ƙarshe. Zai iya tambayarka inda za ka kwana, da ranar komawarka, da abin da za ka ci da shi. Riƙe adireshin masaukinka a rubuce, da tikitin dawowa, a jakar hannu.

Ba kowace tafiya ke bukatar biza ba. Ƙasashen ECOWAS sun amince tun 1979 cewa 'yan ƙasashensu na iya shiga wa juna har kwana 90 babu biza. Ruwanda kuma tun 2018 take ba kowane baƙo biza a wurin sauka. Waɗannan dokoki suna sauyawa, don haka labarin wanda ya je bara ba hujja ba ne. A tambayi ofishin jakadancin ƙasar. Haka idan jirginka zai yada zango a wata ƙasa, a bincika ko ita ma tana son tata bizar.

Neman biza

Takardun da ake nema kusan iri ɗaya ne ko'ina: fom da aka cike, hoto sabo mai farin baya, bayanan asusun banki na 'yan watanni, shaidar aiki ko sana'a, shaidar masauki ko wasiƙar gayyata. Galibi sai ka je da kanka an ɗauki hoton yatsunka. Shengen tana ƙara inshorar lafiya da za ta iya biyan Yuro 30,000, kuma tana karɓar takardu daga wata shida kafin tafiya zuwa kwana 15 kafin ta. Amurka tana da fom ɗin DS-160 da ake cikewa a intanet, sannan ganawa ido da ido. Kuɗin neman biza ba a mayarwa idan aka hana.

Abin da jami'in ke auna a zuciyarsa guda ne: mutumin nan zai koma gida kuwa? Sana'arka, iyalinka da dukiyarka su ne amsar. Kuɗi masu yawa da suka faɗo asusu mako guda kafin ganawa suna jawo zargi.

Ba laifi ba ne wani ya taya ka cike fom, musamman ga wanda yanzu yake koyon rubutu. Amma sa hannun naka ne, kuma duk abin da aka rubuta kai za a tambaya. Ka ce a karanta maka kowane layi kafin a aika. Idan an taɓa hana ka biza, faɗi gaskiya, domin yatsunka na cikin kwamfutarsu. Birtaniya na iya hana mutum shiga har shekara 10 saboda takardar jabu, ko da ejan ne ya cusa ta. Duk dillalin da ya rantse maka cewa biza tabbas ce, yana sayar da abin da ba nasa ba. A nan dai, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kada a manta da katin rigakafi. Ƙasashe da yawa suna neman shaidar allurar cutar shawara. Katin yana fara aiki kwana 10 bayan allurar, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Masu zuwa Hajji da Umara kuma ana nemansu da allurar sanƙarau.

Idan fasfo ya ɓace

Tun kafin tafiya, ɗauki hoton shafin bayananka da na biza a waya, ka kuma bar kwafi a gida. Idan ya ɓace a ƙasar waje, sanar da 'yan sanda ka karɓi takarda, sannan ka nufi ofishin jakadancin ƙasarka, inda za a ba ka takardar gaggawa ta komawa gida. Fasfon da aka kai rahoton ɓatansa ya mutu, lambarsa na iya shiga kundin 'yan sandan duniya na Interpol. Ko ka tsince shi daga baya, kada ka yi tafiya da shi. Kada kuma ka ba da fasfonka jingina, ko ka bar mai ba ka aiki ya riƙe maka shi.

Aikin gida

1. Kwafi cikakken sunanka da manyan baƙaƙe yadda yake a fasfo ko katin shaidarka, sau uku.
2. Wace rana ce 920704 a layin na'ura?
3. Fasfo zai ƙare ranar 10 ga Disamba, 2028. Mai shi zai iya shiga ƙasar da ke neman wata shida ranar 1 ga Mayu, 2028? Ranar 1 ga Yuli fa?
4. A kan wata biza an rubuta 02, kwanakin zama kuma 30. Bayyana wa na kusa da kai abin da aka yarda mai ita ya yi.