Yadda ake tsara ginin kiwon tsattsewa mai sheƙar yawu

A Indonesiya da Malesiya akwai wata irin tsattsewa da take gina sheƙarta da yawun bakinta zalla. 'Yan Sin na sayen wannan sheƙa da tsada su yi miya da ita. A da daga kogo ake ɗebowa, irin su Gomantong a jihar Sabah da Niah a jihar Sarawak ta Malesiya, amma yanzu yawancinta daga gine-gine take fitowa. Tsattsewar da ke sheƙa a ƙarƙashin gadojinmu ba ita ba ce, kada wani ya yi asarar siminti a Kano.

Tsuntsuwar nan ba a kulle ta, ba a ba ta abinci. Ginin ne kaɗai abin da za ka yi mata, in bai yi mata ba ta wuce maƙwabta.

Kafin ka sayi bulo ɗaya, gwada filin. Ka kai lasifika da sautin kukanta, ka kunna da asuba da kuma gab da magariba, kwana da kwanaki. In ba su zo suna shawagi a kanka ba, bar wurin. Wuri kusa da gonakin shinkafa ko kwakwar manja ko fadama ya fi, don ƙwari take cafkewa a iska. Ka nemi izinin hukumar yankin tun farko: a birnin George Town na Penang a Malesiya, da ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2008, daga baya an hana kiwon a tsohon gari.

Gini hawa biyu zuwa huɗu ya isa, kowane hawa tsayinsa kamar mita 2.5 zuwa 3. Tana sakin jiki ne daga sheƙa ta faɗo kafin ta tashi, ɗaki mai gajeren rufi kuwa takura ne a gare ta. A saman bene a yi ɗan ɗaki mai tsawo, 'yan Indonesiya na ce masa rumah monyet, a nan ƙofar shigarta take. Daga nan sai a bar rami a tsakanin benaye da za ta bi ta sauka, da fili na kewayawa kafin ɗakin sheƙa. Ni ban yarda a fuskantar da ƙofar wajen faɗuwar rana ba, haske zai kwarara ciki. Ɗakin sheƙa duhu yake so, don da ɗan ƙaran da take yi da amsa-kuwwarsa take gane hanya.

Yanzu ga inda masu farawa ke faɗuwa, ni ma a nan na ƙone a ginin farko da na sa hannu a jihar Perak ta Malesiya. Ana so zafin ciki ya tsaya tsakanin digiri 26 zuwa 29, laima kuma kamar kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari. Mun ji an ce laima, sai muka cika ƙasa da kududdufin ruwa, muka ƙara injin feshi yana aiki dare da rana, muka toshe rabin ramukan iska wai kada laima ta fita. Wata uku ba su cika ba katakon rufi da take manna sheƙa a jikinsa ya yi funfuna. Tsattsewa ba ta manna yawu a katako mai funfuna. Suna shiga, su zaga, su fita. Sai da muka sauke katakon hawa guda muka sake, kuɗinsa ya fi na injin feshin nesa ba kusa ba.

Abin da ya kamata shi ne a kashe zafi daga bango da rufi tukuna, ruwa ya zo daga baya. Yi bango mai kauri, ko biyu da sarari a tsakani, ka sa abin tare zafi a ƙarƙashin kwano. Ramukan iska a yi su da bututun roba mai faɗin inci 4 mai lanƙwasa, iska ta shiga haske bai shiga ba, a rufe bakinsu da raga. Injin feshi ya zauna a ƙasa, nesa da katako, da na'urar da za ta kashe shi in laima ta kai. Ma'aunin zafi da laima ba shi da tsada, rataya ɗaya a kowane hawa. Hawa na sama kullum ya fi zafi, kada ka auna ƙasa ka ce ka gama.

Katakon kansa na itacen meranti ake so, busasshe, marar wari, faɗin santimita 15 zuwa 20, a yi masa zane-zanen tsagi don farcenta ya kama. Wasu na sa alminiyom don gudun funfuna. Ni dai katako.

Sauran aikin sananne ne. Lasifikar kira a bakin ƙofa, ƙanana a jikin katako a ciki, a kashe ta waje da dare saboda maƙwabta. Toshe hanyar ɓera, tsaka, kyankyaso da tururuwa, sa fitila a bakin ƙofa saboda mujiya, ƙofar mutane kuma ta ƙarfe, don ɓarayin sheƙa suna nan. A riƙa kwashe kashin tsuntsayen: a 2011 Sin ta dakatar da sayen sheƙa daga Malesiya saboda sinadarin naitirait, wanda ake dangantawa da kashin da ya taru. Kada ka cire sheƙar farko sai 'ya'yan sun tashi, su ne za su dawo su cika maka ginin.