Yadda ake tafiyar da ƙaramar sana'ar wanke dandamalin katako da rina shi a Amurka

Duk wanda ya zauna a unguwannin bayan gari na Amurka ya san cewa gidaje da yawa suna da dandamalin katako a bayansu, inda iyali ke shan iska da gasa nama a lokacin zafi. Wannan katako yana kwana a fili shekara da shekaru, rana ta dake shi, ruwan sama ya jiƙa shi, ƙanƙara ta kwanta a kansa watanni, har launinsa ya koma ruwan toka, gansakuka da fumfuna su kama shi, ya fara santsi da tsagewa. Saboda haka duk bayan shekara biyu ko uku yana buƙatar a wanke shi a sake shafa masa rinin katako, wato wani mai ko ruwa mai launi da ke shiga cikin naman itacen ya kare shi daga danshi da zafin rana. Masu gida da yawa ba su da lokaci ko haƙurin yin wannan aiki, kuma a nan ne mai neman sana'ar ƙarshen mako, irin direban da ke da hutun Asabar da Lahadi ko ma'aikacin dare, yake samun ƙofa.

Kafin ka sayi ko da buroshi, ka fara gyara zamanka da hukuma. Abu na farko shi ne takardun zamanka su ba ka damar yin sana'ar kanka, domin ɗalibin da ke kan bizar karatu ta F-1, alal misali, ba shi da izinin buɗe irin wannan harka. Na biyu, dokar lasisi ta bambanta daga jiha zuwa jiha. A Maryland, aikin gyaran gida na kuɗi yana buƙatar lasisin MHIC, hukumar jihar mai kula da masu gyaran gidaje, kuma doka ta hana ka karɓar kafin alƙalami da ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aikin. A Kalifoniya, tun daga watan Janairun 2025, aikin da kuɗinsa ya kai dala 1,000, har da kayan aiki, sai mai lasisin ɗan kwangila. Lambar haraji ta kasuwanci, wadda ake kira EIN, kyauta hukumar haraji ta tarayya, wato IRS, take bayar da ita a shafinta, don haka kada ka biya wani ya karɓo maka. Idan ribarka ta kai dala 400 a shekara, akwai harajin mai sana'ar kansa na kimanin kashi 15.3 cikin ɗari, ban da harajin kuɗin shiga, kuma ana biyan ƙiyasin haraji sau huɗu, a tsakiyar Afrilu da Yuni da Satumba da Janairu. Ka buɗe asusun banki na sana'ar daban, ka ajiye kowane rasit. Inshorar ɓarna kuwa, a ganina, ba abin da za a yi jayayya a kai ba ne, domin iska ɗaya tana iya kwasar feshin rini ta zuba a motar maƙwabci, kuɗin gyaran ya cinye ribar bazara gaba ɗaya.

Kayan aikin ba su da yawa. Kana buƙatar injin feshin ruwa mai ƙarfi, irin wanda masu wankin mota ke amfani da shi, da mesa mai tsawo, da tulun feshi na hannu don zuba sinadarai, da buroshi mai tauri mai doguwar ƙota, da injin samfefa, da faffaɗan buroshin shafa rini, da tampol da leda don rufe bango da shuke-shuke, sai safar hannu da tabarau da takunkumi. Idan jari ya yi kaɗan, shagunan kayan gini irin su Home Depot suna bayar da hayar injin na yini, kuma ya fi kyau ka yi ayyuka uku ko huɗu da na haya kafin ka san irin wanda ya dace ka saya. Akwai wata 'yar na'ura mai araha da sababbin shiga suke rainawa, ita ce ma'aunin danshin katako, mai tsinke biyu da ake soka wa itace. Ita ce za ta riƙa yanke maka hukuncin ranar da za ka shafa rini, kuma za mu dawo kanta.

Ranar da ka je duba aiki, kada ka tsaya a sama kawai kana auna faɗi. Ka leƙa ƙarƙashin dandamalin, ka soka sukudireba a ginshiƙai da katakon da ya haɗa dandamalin da jikin gida. Idan ta nutse cikin sauƙi, itacen ya ruɓe, kuma aikin kafinta ne ya fara shiga. Shafa rini a kan ruɓaɓɓen katako rufe rami ne da tabarma, kuma idan wani ya faɗi, sunanka za a fara kira. Ka tambayi shekarar da aka gina dandamalin. Har zuwa ƙarshen 2003, yawancin katakon da ake jiƙawa da maganin gara don aikin gida a Amurka yana ɗauke da sinadarin CCA, wanda ke da gubar asenik a ciki, saboda haka tsohon dandamali ba a goge shi da samfefa ba tare da kariyar numfashi ba, kuma ba a ƙona guntayensa. Haka kuma, idan an gina gidan kafin 1978 kuma akwai tsohon fenti a jikin dandamalin, yana iya zama mai dalma, kuma dokar hukumar kare muhalli ta EPA da ta fara aiki a 2010 ta wajabta takardar shaida ga duk mai kankare irin wannan fenti don kuɗi. Sabon shiga ya fi masa alheri ya ba da haƙuri ya bar irin wannan aikin. Daga nan sai ka yayyafa ɗan ruwa a wurare daban-daban: idan katakon ya shanye, zai karɓi rini, idan ruwan ya tsaya ɗigo-ɗigo, akwai tsohon shafi da sai an cire shi tukuna, kuma wannan kaɗai yana iya ninka wahalar aikin.

Wankin shi ne inda ake gane gwani, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Mai sabon inji yana ɗokin ganin datti na tashi, sai ya ƙure ƙarfin ruwa ya matso da bakin feshi, ya bar zane-zane a jikin katako da gashi-gashi kamar an tsefe igiya. Yawancin dandamali da itace mai laushi ake yin su, irin su fayin da sida, kuma ƙarfin da bai wuce 500 zuwa 600 a ma'aunin matsin ruwa na PSI ba ya ishe su, ko da injinka yana iya kaiwa 3,000. Ka yi amfani da farin bakin feshi mai buɗewar digiri 40, ka nesanta shi kamar ƙafa ɗaya daga katakon, ka bi tsawon itacen ba ka ratsa shi ba, kuma kada ka tsaya a tsakiyar katako da ruwa a kunne. Jan bakin feshi mai tsinin allura kuwa, ka bar shi a cikin akwati. Ainihin wankin sinadari ne yake yin sa, injin ɗauraya kawai yake yi. Ga datti da fumfuna, garin sodiyam fakabonet da ake damawa da ruwa ya wadatar: ka jiƙa katakon, ka fesa, ka bar shi minti goma zuwa sha biyar ba tare da ya bushe ba, ka goge da buroshi, sannan ka ɗauraye. Bilic na gida yana kashe fumfuna da sauri, amma yana kwashe launin itace, yana raunana zarensa, yana kuma ƙona furannin da uwargida ta shekara tana reno. Idan akwai tsohon rini, sai maganin cirewa, wanda galibinsa kostik soda ne a ciki, irin wadda masu haɗa sabulu suka sani, kuma tana cin fata kamar yadda take cin rini.

Bayan kostik soda ko fakabonet, katakon yakan yi duhu, kuma a nan ne ake fesa masa maganin haskakawa mai asid ɗin okzalik, wanda ke kashe kaifin sodar, ya cire baƙin tabon da tsatsar ƙusa ke bari, ya dawo da hasken itacen. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki don ya rage musu rabin sa'a, alhali shi ne ke sa rinin ya zauna bai ɗaya. Ka jiƙa shuke-shuke da ruwa kafin ka fara da bayan ka gama, kuma kada ka bar ruwan wankin ya gangara cikin magudanar titi, domin birane da yawa suna cin tara a kan haka.

Sai jira, wanda shi ne mafi wuya ga mai sana'ar ƙarshen mako. Katakon yana buƙatar aƙalla sa'o'i 48 na bushewa, ya fi haka idan yana ƙarƙashin inuwar itatuwa, kuma ido ba ya iya gane bushewar ciki. Ka soka ma'auninka a wurare da dama, musamman lungunan da rana ba ta kaiwa, kada ka buɗe gwangwani sai ya nuna ƙasa da kashi 15 cikin ɗari. Rinin da aka shafa a kan katako mai danshi yana iya yin kyau a ranar, amma bayan hunturu ɗaya zai fara ɓarewa, mai gida kuma ba zai zargi yanayi ba, kai zai zarga. Tsarin da ya fi dacewa shi ne ka wanke gidaje biyu ko uku a Asabar ɗaya, ka dawo rininsu a mako na gaba, muddin ba a yi ruwa a kwanaki biyun da suka gabata ba. Kafin shafi, ka danna ƙusoshin da suka ɗago, ka goge gashin katakon da samfefa mai lamba 60 zuwa 80. Wadda ta fi haka laushi tana toshe ƙofofin itace, rinin ya kasa shiga.

Rini kala-kala ne: akwai mai haske da ke nuna zanen itace sarai amma bai cika daɗewa ba, akwai mai matsakaicin launi, akwai kuma mai kauri da ke rufe komai kamar fenti. Na tsakiyan nake ba da shawara ga yawancin ayyuka, domin yana kare itace daga rana, kuma idan ya tsufa koɗewa yake yi, sai a wanke a sake shafawa. Mai kaurin yana ɓoye aibin tsohon katako, amma idan ya fara ɓarewa cire shi azaba ne, kuma wajibi ne ka faɗa wa mai gida haka kafin ya zaɓa. Ka shafa launin a ɗan lungu ya gani da idonsa, domin abin da ke jikin gwangwani ba shi ne ke fitowa a tsohon katako ba. Ka yi aiki lokacin da zafi yake tsakanin digiri 10 da 32 a ma'aunin salshiyas, ba a tsakar rana ba, kuma hasashen yanayi ya nuna babu ruwa na yini ɗaya ko biyu. Ka fara da shingen gefe da sandunansa, sannan daɓen, katako biyu ko uku a lokaci guda daga wannan kai zuwa wancan, kana nufar matakala don kada ka rufe kanka a lungu. Ko da feshi ko rola ka zuba, ka bi da buroshi, kuma duk abin da itacen bai shanye ba ka share shi, in ba haka ba zai zauna yana danƙo. Tsummokaran da suka sha rini mai mai suna iya kama wuta da kansu idan aka dunƙule su, don haka ka tsoma su cikin ruwa a gwangwanin ƙarfe mai murfi, kada ka jefa su a bayan mota.

Wajen yanke farashi, kuskuren da aka saba yi shi ne auna daɓe kawai. Dandamali mai tsawon ƙafa 20 da faɗin 16 murabba'in ƙafa 320 ne, kuma idan galan ɗaya yana rufe kamar 200 a tsohon katako mai ƙishi, galan biyu za su ishi daɓen. Amma shingen gefe mai sanduna masu fuska huɗu-huɗu da matakala suna iya cin lokaci fiye da daɓen duka. Ka ƙidaya su daban, ka lissafa sa'o'in zuwanka sau biyu, na wanki da na rini, da man mota, da sinadarai, da rabon inshora da haraji, sannan ka ɗora ladan guminka. Ka kuma sa mafi ƙarancin kuɗin da za ka fita dominsa, saboda ɗora inji a mota wahala ɗaya ce ko dandamalin ƙarami ne ko babba. Duk abin da kuka yi magana a kai ka rubuta shi: sunan rinin da launinsa, shafi nawa, wanda zai kwashe kujeru da tukwanen fure, cewa da ruwan gidan za a yi aiki, cewa ruwan sama na iya ɗage rana, da kuma cewa sabon katakon da aka canza ba zai yi launi ɗaya da tsoho ba.

Samun kwastoma yana farawa ne daga dandamalin abokinka ko na maƙwabci, wanda za ka yi a kuɗin kaya kawai don ka samu hotunan kafin aiki da bayansa. Waɗannan hotuna ka sa su a Nextdoor, shafin zumunta na maƙwabta, da Facebook da shafin kasuwanci na Google, ka kuma roƙi izinin kafa ɗan allo a gaban gidan na mako guda. Idan za ka raba takardun talla, ka rataya su a ƙofa, domin dokar tarayya ta hana sa abin da ba shi da kan sarki a cikin akwatin wasiƙa. A jihohin arewa kakar aikin daga Afrilu ce zuwa Oktoba, kuma kira ya fi yawa gabanin hutun ƙarshen Mayu da na 4 ga Yuli, lokacin da kowa ke son tarar baƙi a bayan gida, saboda haka tun a Maris ya kamata tallarka ta fita. Ka riƙe littafi mai ɗauke da adireshin kowane gida, da ranar aiki, da ainihin rinin da ka shafa. Bayan shekara biyu, a farkon bazara, ka buɗe littafin ka kira su ɗaya bayan ɗaya. Dandamalin da kai ka gyara ba ya buƙatar maganin cirewa, wanki mai sauƙi da shafi ɗaya ne, kuma ka riga ka san galan nawa yake sha.